Ciwon damuwa, bayfola da larurar ɗabi'a: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake ganewa da yadda ake magani

Waɗannan tambayoyi ne da marasa lafiya da 'yan'uwansu suke yawan yi, wasu a gaban likita, wasu a baranda bayan an fito, saboda nauyin baki ya hana a yi su a ciki. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba. An rubuta su ne domin mutum ya shiga asibiti da sanin abin da za a tambaye shi, da abin da shi ma yake da haƙƙin tambaya.

Mene ne bambancin ciwon yanayi da larurar ɗabi'a?

Ciwon yanayi, wato ciwon da yake birkita yanayin ran mutum, zuwa yake yi ya sami mutum, kuma yana da mafari. Iyali suna iya cewa, "Tun bayan babbar salla ya canza," ko "Tun da ta haihu ba ta koma daidai ba." Kafin nan an san mutumin da wani hali, kuma idan ciwon ya lafa yakan koma yadda aka san shi. Manya biyu a wannan rukuni su ne ciwon damuwa mai tsanani, da bayfola, wanda mai shi yake yin zangon hawa da zangon faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne suke da ciwon damuwa a duniya, miliyan 40 kuma suna da bayfola.

Larurar ɗabi'a ba ta da ranar farawa. Yadda mutum yake ɗaukar kansa ne, da yadda yake fassara abin da mutane suka yi masa, da yadda yake iya riƙe fushinsa, duk suka kafe a kan hanya ɗaya tun yana matashi, har abin yana ɓata masa aure da sana'a da zumunci shekara da shekaru. Idan aka tambayi mahaifiya, sai ta ce, "Ai haka yake tun tasowarsa."

Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi a ɗakin likita ita ce: da can yaya mutumin nan yake? Amsarta ce take raba hanya, domin ciwon yanayi ƙwaya tana yi masa aiki sosai, larurar ɗabi'a kuwa zama da masani da koyon dabarun zama da mutane ne ginshiƙin maganinta. Mutum ɗaya kuma yana iya haɗa biyun, kuma hakan ba baƙon abu ba ne.

Tunda babu gwajin jini da yake nuna ciwon, da me likita yake ganewa?

Da tambaya da saurare, da kuma lokaci. Zaman farko yakan ci kusan awa guda idan an yi shi yadda ya kamata. Za a tambayi barci, cin abinci, rama ko ƙiba, sha'awar iyali, irin tunanin da yake zuwa da dare, abin da mutum yake sha, da ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi. Sannan, da izinin mara lafiya, za a ji daga bakin wanda yake zaune da shi, domin akwai abin da mutum ba ya gani a kansa.

A ce uwa ta kawo ɗanta mai shekara 24, ya yi wata uku ba ya fita, ya daina zuwa shago, magana ma sai an matsa. Kowa zai ce ciwon damuwa ne. Likita mai lura ba zai ɗauki biro ba tukuna, zai juya ya ce, "Hajiya, ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci, kuma ba ya nuna gajiya?" Sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Likita, shekara biyu da suka wuce ya yi haka. Ya sayar da babur ɗinsa ya rabar da kuɗin, yana ta wa'azi a ƙofar gida har asuba. Mu mun ɗauka shiriya ce ta zo masa." Wannan amsa ɗaya ta canza sunan ciwon daga damuwa zuwa bayfola, ta kuma canza maganin gaba ɗaya.

Ana yin gwajin jini, amma don a kore wasu cututtuka masu kama da wannan. Ƙarancin jini, ciwon sukari, ƙanjamau, da matsalar tayirod, wato ƙwayar nan ta wuya wadda kumburinta yake zama maƙoƙo, duk suna iya kawo kasala da baƙin ciki ko rawar jiki da rashin barci. Magungunan ƙiba da wasu mata suke saye ba tare da takardar likita ba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa akwai wani sinadarin magani da ake kira sitiroyid a ciki, kuma shi kaɗai yana iya birkita yanayin mutum. Haka tiramol da kodin da tabar wiwi. Dattijon da ya wayi gari da zazzaɓi bai san ranar da ake ciki ba, bai gane 'ya'yansa ba, wannan ciwon jiki ne da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sashen gaggawa ya kamata a nufa da shi.

Akwai takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, kuma wanda ya sami 10 ko fiye ana so a bincike shi sosai. Tana da amfani wajen tace mutane da auna ko magani yana aiki. Ba ta yanke hukunci. Ƙa'idojin da ake yanke hukunci da su suna cikin littattafai biyu: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

Kowa yana shiga damuwa. Yaushe take zama ciwo?

Idan ta kai mako 2 tana nan kusan kullum, yini guda, kuma ta hana mutum abin da ya saba yi. Dole a sami ɗaya daga cikin abu biyu: baƙin ciki mai nauyi, ko gushewar jin daɗin duk abin da a da yake faranta rai. Sai sauran alamomi su biyo: rashin barci ko yawansa, rashin ci, gajiya, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. A ƙa'idar DSM-5, alamomi 5 cikin 9 ake nema.

Baƙin cikin rasuwa yana zuwa yana tafiya. Mai takaba tana iya kuka da safe, da yamma a tuna wani abin dariya na mamacin ta yi murmushi. Mai ciwon damuwa ba ta samun wannan sarari, kuma abin da take ji ya wuce kewa, ya koma ƙin kanta.

Abin da ya fi ciwo a ji shi ne a ce wa irin wannan mutum ba shi da tawakkali. Ciwon da kansa yana sa salla ta yi nauyi, yana sa mutum ya ga Allah yana fushi da shi. Idan na kusa da shi suka ƙara da wannan zargi, sun ƙarfafa alamar ciwon ke nan da bakinsu.

Ni jikina ne yake ciwo, me ya sa aka turo ni wurin likitan ƙwaƙwalwa?

Domin a wurinmu da wuya mutum ya zo ya ce yana baƙin ciki. Abin da zai ce shi ne kansa yana zafi, wani abu yana yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa tana bugawa. An yi masa maganin maleriya da taifod sau da dama, an yi hoto, ba a ga komai ba. Ciwon da yake ji na gaske ne, ba ƙirƙira yake yi ba. Turo shi ba yana nufin an ce ya haukace ba, ana neman tushen ne a inda ba a duba ba.

Mai jego da take yawan kuka fa?

Kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa mata da yawa suna samun saurin kuka da ɓacin rai, kuma yana wucewa kafin mako 2. Idan ya zarce haka, ko ta daina sha'awar jaririn, ko tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda yake samun fiye da mace 1 cikin 10. Akwai kuma wani mai wuyar samu, kamar mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, inda mai jego take daina barci gaba ɗaya, ta ruɗe, tana ji ko ganin abin da babu. Wannan ba a jira a yi suna ko a gama wanka. A ranar ake kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Me ya sa ake daɗewa ba a gano bayfola ba?

Saboda babu mai zuwa asibiti don yana jin daɗi. A zangon hawa mutum yana jin ƙarfi, barcin awa 2 ko 3 ya ishe shi, magana tana zuba ba birki, dabarun kasuwanci suna ta zuwa, yana kashe kuɗi, yana ganin shi wani babba ne, wani lokaci kuma saurin fushi ne ya fi fitowa. Idan abin ya kai kwana 7, ko ya kai ga kwantarwa, shi ne cikakken hawa. Akwai ƙarami mai kwana 4 ko fiye, wanda ba ya tsayar da harkoki, kuma shi ne ya fi ɓuya, domin mutane suna ganin kuzari ne kawai. Mai ciwon yana zuwa ne idan ya faɗi ƙasa, kuma idan ba a tambayi baya ba sai a ba shi maganin damuwa shi kaɗai. Wannan yana iya cilla shi zangon hawa, ko ya sa hawa da faɗuwar su riƙa zuwa kusa da kusa.

Ciwon yakan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu, kuma yana bin dangi fiye da yawancin larurorin ƙwaƙwalwa. Kada iyali su ɓoye labarin kawu ko gwaggo da aka taɓa ɗaurewa. Wannan labari yana iya rage wa ɗansu shekarun wahala.

'Yar'uwata yanzu tana dariya, an jima tana kuka da zagi. Bayfola ce?

Ba lallai ba, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Hawa da faɗuwar bayfola kwanaki ne zuwa makonni, suna tafe da canjin barci da kuzari, kuma sau da yawa ba sai an yi wa mutum komai ba. Sauyin da yake faruwa cikin awoyi, kuma kusan kullum bayan wani abu ya shiga tsakaninta da wanda take so, ya fi kama da larurar ɗabi'a da ake kira bodalayin.

Mai wannan larura tsoron a guje ta ne yake cin ta. Ta kira mijinta sau biyu bai ɗauka ba, kafin ya fito daga masallaci ta riga ta tura saƙo goma, na farko roƙo, na ƙarshe neman saki. Da ya dawo ya yi bayani, sai kuka da nadama mai tsanani, har ta ji ba ta cancanci rayuwa ba. Wanda ta ɗaukaka jiya shi ne maƙiyinta yau. Tana jin wani irin fanko a cikinta, wani lokaci tana ji wa kanta ciwo don ta sami sauƙin abin da take ji. Ba iskanci ba ne, ba kuma neman a kula ta kawai ba. Da yawa daga masu wannan larura sun taso cikin duka, ko wulaƙanci, ko cin zarafi, ko yawo daga hannun wannan mariƙi zuwa wancan, ko da yake ba duka ba. Maza ma suna yi, sai dai su an fi ganinsu ta ƙofar shaye-shaye da faɗa.

Akwai taka-tsantsan da ya wajaba a kan likita a nan. Kafin a liƙa wa mace wannan suna, a tambaye ta, ita kaɗai ba a gaban miji ba, me yake faruwa a gidan. Wadda ake duka za ta zo da firgita da fushi da kuka, kuma matsalar ba a ɗabi'arta take ba. Haka wanda ya tsere daga harin Boko Haram ko na 'yan bindiga, ko ya zauna a hannun masu garkuwa: saurin fushinsa da rashin yarda da mutane na iya zama ciwon firgici na bayan masifa, wanda yake da nasa maganin.

Ba zagi ba ne a ce ɗabi'ar mutum tana da larura?

Yana zama zagi idan aka yi amfani da shi don a sallami mutum. Akwai ma'aikatan lafiya da suke kiran duk mara lafiyar da ya gajiyar da su da wannan suna, kuma wannan zalunci ne. Sunan yana da amfani ne kawai idan ya kai mutum ga maganin da ya dace da shi.

DSM-5 ya kasa larurorin gida 10 a rukuni 3: masu zargi da keɓe kai, masu zafin rai da rikici, da masu tsoro da matsananciyar ƙa'ida. A aikace mutane ba sa shiga gida ɗaya su zauna, mutum guda yakan cika sharuɗɗan biyu ko uku. Shi ya sa ICD-11 ya rushe gidajen, ya koma tambayar yaya tsananin yake, mai sauƙi ne, matsakaici ko mai tsanani, sannan a bayyana halayen da suka fi fitowa. Wannan ya fi kusa da abin da ake gani, kuma ya fi sauƙin amfani a asibitin da likita ɗaya yake ganin mutane da yawa.

Ba a yanke wannan hukunci a zama ɗaya. Ba a yanke shi mutum yana tsakiyar ciwon damuwa ko hawa, domin ciwon yana ɓata halin kowa, sai ya lafa a ga abin da ya rage. Ana jinkiri sosai a kan wanda bai kai 18 ba. Sannan ana auna mutum da al'adarsa: kunya da kawaici da barin magana ga manya tarbiyya ce, ba alamar ciwo ba.

Maganin damuwa yana kama mutum kamar ƙwaya?

A'a. Ba ya sa maye, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari. Amma jiki yana sabawa da shi, don haka ba a yanke shi rana ɗaya, ana ragewa ne a hankali, in ba haka ba a sami jiri da rashin barci da ɓacin rai. Wanda yake kama mutum shi ne irin su dayazafam, wato Valium, da ake saya a kemis don barci. Wannan ba ya maganin damuwa, kuma bai kamata ya wuce 'yan makonni ba.

Magungunan damuwa biyu ne aka fi samu a asibitocinmu. Fulokzetin, wanda aka fi sani da Prozac, ana shan sa da safe, yana iya kawo tashin zuciya da ciwon kai a farko. Amitiriftilin tsoho ne mai araha, yana sa barci, yana busar da baki, yana ɗaure ciki, bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma yawansa yana da haɗari ƙwarai. Idan mara lafiya yana tunanin mutuwa, wani babba a gida ne zai riƙe maganin yana ba shi.

Matsalar ita ce illolin suna riga amfanin zuwa. Sauƙi yakan fara ne bayan mako 2 zuwa 4, cikakken aiki kuma sai mako 6 zuwa 8. Mutane da yawa suna yarwa a kwana na goma su ce bai karɓe su ba. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an warke, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya don ƙananan asibitoci ma wata 9 zuwa 12 ya ce. Matasa 'yan ƙasa da 25 ana sa musu ido a makonnin farko, domin wasu tunanin cutar da kai yana ƙaruwa musu kafin ya ragu. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa: maganin yana iya rage sha'awa ko jinkirta biyan buƙata. A gaya wa likita, akwai canji. Daina sha a ɓoye shi ne yake dawo da ciwon.

Mai bayfola zai sha magani har abada? Yaya batun zafi, azumi da ciki?

Yawanci na shekaru ne, wasu har ƙarshen rayuwa, kamar mai hawan jini. Wanda ya fi daɗewa ana amfani da shi shi ne litiyam, wanda likita John Cade ya bayyana amfaninsa a Ostareliya a 1949. Har yau yana cikin mafi inganci wajen hana ciwon dawowa, kuma yana rage haɗarin kashe kai. Sharaɗinsa gwaji. Tazarar da ke tsakanin adadin da yake magani da wanda yake cutarwa kaɗan ce, don haka ana auna shi a jini awa 12 bayan shan na ƙarshe, ana kuma duba ƙoda da tayirod lokaci zuwa lokaci. Inda babu wurin gwajin, bai kamata a fara shi ba.

A ƙasar da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wannan magana ce babba. Rashin ruwa a jiki yana tara litiyam a jini, haka gudawa da amai, haka magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da wasu magungunan hawan jini. Idan hannu ya fara rawa sosai, mutum yana tangaɗi, harshe yana sarƙewa, a tsayar da maganin a tafi asibiti nan take.

Azumi yana haɗa ƙishirwa da canjin lokacin barci, kuma rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da zangon hawa. Wasu suna iya yi idan an gyara musu lokacin sha, wasu bai kamata su yi ba. A zauna da likita tun a Sha'aban. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma wannan rashin lafiya ne.

Epilim, wanda ake ba masu farfaɗiya ma, yana aiki a bayfola, amma yana da mummunar illa ga ɗan tayi: kusan jariri 1 cikin 10 yana zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma suna samun matsalar girman ƙwaƙwalwa da koyo. A al'ummar da ake aure da wuri ana haihuwa kusa da kusa, bai kamata a rubuta wa mace mai shekarun haihuwa shi ba sai babu makawa, kuma sai an yi mata bayani dalla-dalla. Tegretol kuma, wanda shi ma ake ba mai bayfola, yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Olanzafin yana kwantar da hawa da sauri, amma yana sa ƙiba da haɗarin sukari. Mace mai bayfola da take son ɗaukar ciki ta fara zuwa a tsara, kuma idan cikin ya zo ba shiri, kada ta yanke magani da kanta, ta zo a makon.

Gaskiya ne ana jona wa mutum wuta a kai?

Ana yi, kuma ba kamar yadda ake ba da labari ba. An fara shi a birnin Rum na Italiya a 1938. A tsarin yau ana sa mutum barci, a ba shi allurar sassauta jiki, abin ya ɗauki 'yan mintoci, yawanci sau 6 zuwa 12. Ana ajiye shi ne don mai tsananin damuwa da ya daina ci da sha, ko wanda magunguna suka gaza a kansa, kuma yana ceton rai. Illarsa mantuwa ce, galibi ta abubuwan da suka faru a kusa da lokacin. Dole a nemi izini, kuma iyali suna da haƙƙin tambaya ko za a sa shi barci.

Zama a yi magana kawai, wane irin magani ne?

Ba hira ba ce, kuma ba nasiha ba ce. Hanyar da ake kira CBT, wadda Aaron Beck ya gina a Amurka a shekarun 1960, tana koya wa mutum ya kama tunanin da yake jefa shi ƙasa, kamar "ni nauyi ne a kan kowa," ya auna shi da hujja, sannan ya koma ƙananan ayyukan da ya bari tun kafin ya ji yana so. Zama 12 zuwa 20 ne, da aikin gida. A damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya tana yin abin da ƙwayar magani take yi, a mai tsanani kuma haɗa biyun ya fi.

Ga bodalayin, babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da larurar kanta. Abin takaici ne ka ga yarinya da leda cike da magani kala biyar, ta yi ƙiba, tana barci yini guda, halin kuma yana nan. Abin da aka tabbatar shi ne hanyar zaman magana irin DBT, wadda Marsha Linehan ta tsara, aka buga gwajinta na farko a 1991. Yawanci shekara guda ake yi, ana koyon jure ɗacin rai ba tare da cutar da kai ba, da sarrafa fushi, da neman haƙƙi ba tare da rusa dangantaka ba. A 2011 Linehan ta bayyana cewa ita ma an kwantar da ita tana budurwa saboda irin wannan wahala.

Masu wannan horo kaɗan ne a ƙasashenmu. Amma ma'aikaci ɗaya tsayayye, mai ganin mutum a ranar da aka sa ba sai rikici ya tashi ba, da rubutaccen tsari na abin da za a yi idan abin ya motsa, yana rage wahala sosai. Kuma a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba. Babu abin da zai hana a gwada irin wannan da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na unguwa.

An ce hali zanen dutse. Mai larurar ɗabi'a yana canzawa kuwa?

Yana canzawa. Manyan bincike biyu a Amurka da suka bi masu bodalayin shekara 10 sun sami fiye da kashi 80 cikin 100 alamominsu sun ragu har sun fita daga ma'aunin larurar. Abin da yake saurin lafawa shi ne cutar da kai da aikata abu ba tunani. Abin da yake jan ƙafa shi ne riƙe aiki da zaman aure, don haka koyon sana'a da komawa makaranta suna cikin magani. Nau'in larurar ɗabi'a da ya fi wuya shi ne na mai take haƙƙin mutane ba nadama, wanda alamominsa suke farawa kafin shekara 15. Shi ma yakan yi sanyi da shekaru, kuma maganin shaye-shayen da yake tare da shi yana rage ɓarna.

Mu mun fi zaton aljanu ne ko sammu. Sai mun bar ruƙiyya?

Babu likitan kirki da zai hana addu'a. Mutum ya ci gaba da zuwa wurin malaminsa ko fastonsa, ya kuma sha maganinsa. Sharuɗɗan su ne kada a ce ya ajiye magani, kada a yi masa duka ko hayaƙi mai shaƙewa, kada a hana shi abinci, kada a sa masa mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare galibi ba mugunta ce ta kai su ba, rasa yadda za su yi ne. Sarƙa ba ta taɓa sauke zangon hawa ba, magani kuwa yakan sauke shi cikin makonni.

Idan ya ce gara ya mutu, me za mu yi?

A ɗauke shi da gaske, ko da ya sha faɗa. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya wani abu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari da tarin magunguna da makami daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Wa'azin wuta a wannan lokaci rufe masa baki kawai yake yi. Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, abin da ya daɗe yana sa iyalai ɓoyewa. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Tsoron doka kada ya hana a nemi taimako, aikin ma'aikacin lafiya ceton rai ne.

Zai iya aure? A faɗa wa dangin da za a aura?

Zai iya, kuma da yawa suna zaune lafiya da iyalansu. Amma aure ba magani ba ne, kuma hidimar biki da rashin barcinta tana iya tayar da ciwon. Wanda za a aura ya kamata ya sani kafin a ɗaura, daga bakin mai ciwon, in da hali a gaban likita don ya yi tambayoyinsa. Matar da ta san alamun farko ita ce za ta lura mijinta ya kwana biyu bai yi barci ba. Wadda aka ɓoye wa kuwa ranar da ta gani za ta ji an yaudare ta.

Ina za mu je, kuma me za mu riƙe?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna da sashen ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, don haka babban asibitin da ya fi kusa shi ne wurin farawa, su tura gaba idan da buƙata. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a mutunta shi, a kuma sa shi cikin shawarar maganinsa.

A zo da duk abin da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na kemis, da tsofaffin katunan asibiti da sakamakon gwaji. A zo da mutum ɗaya da ya san shi tun kafin ciwon, ba ayarin dangi ba. Kafin ranar, a zauna a rubuta a takarda yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, da ko an taɓa ganin irinsa a baya. Kafin a fito kuma a tambayi likita sunan abin da yake zato, sunan maganin, illar da za a sa wa ido, da ranar dawowa.